Rasuwar Gwaggo, Mai Rufa wa Gilasai Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da leƙe ya ƙanƙantar, sashen haɗa na'urorin haske yake sanar da rasuwar Gwaggo, na'urar daidaita gilasai ta ɗaki na uku, wadda ta cika ranar Talata bayan azahar, tana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki. Ta cika a hannun Malama Mai Awo, wadda ta zauna gabanta tun ranar da aka fara kunna ta.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba: a wannan masana'anta ana zuba ƙwayoyin gilashi goma sha biyu a jere kan ɗan falle da bai kai farce ba, kowace ƙwaya da siririn zaren gilashin da za ta cusa wa haske. A takarda tazararsu ɗaya ce. A zahiri ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba: wata ta karkata, wata ta yi ƙiba, wata ta matsa jikin 'yar'uwarta da abin da bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na silin gashi ba. Gwaggo ce take auna karkatar kowace, ta gusa zaren ya bi ta, har haske ya wuce kamar babu wanda ya yi kuskure. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. In ta gama falle sai ta ce "ɗin", can ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunyar yabo.

Lalurarta ɗaya ce. Da ɗaki ya ɗumama, hannunta na hagu yakan zarce, kuma Malama kaɗai ke gane haka daga sautinta ta rage mata. Saboda wannan baiwa, takardar da ta mayar da Malama ofishin zane na bene, mai taga da iska, ta shekara huɗu a jakarta da sa hannu da hatimi. Duk sanda ta fito da ita, manaja yakan ce, "Haba Malama, wa zai iya da Gwaggo in ba ke ba? Bari dai wannan odar ta fita." Oda kuwa ba ta taɓa fita ba tare da ta bar ƙanwarta a bakin ƙofa ba.

Ciwon ajali ya zo daga sashen zubi. Da suka ga duk abin da suka turo yana wucewa, sai suka daina aunawa. Watan jiya suka canza mazubi ba su faɗa wa kowa ba, gilasai suka riƙa fitowa a baje. Sau uku Malama tana rubuta musu takarda. Shugabansu ya amsa da baki: "A tura mata kawai, Gwaggo ba ta korar baƙo." Ba ta kora ba. Ta riƙa miƙa hannu har iyakar inda yake kaiwa, falle bayan falle, kwana goma sha tara. "Ɗin" ya koma "ƙiii". Ranar Talata ta miƙa ba ta dawo ba, ɗaki ya ɗauki ƙaurin waya. Makaniki ya buɗe cikinta, ya rufe, ya ce, "Sai haƙuri, Malama. Waɗanda suka ƙera ta ma sun daina yin kayanta."

Ta rasu ta bar maƙwabciyarta, na'urar busar da gam. Da tsohon madubin ƙara girma, wanda ya yi ritaya ranar da ta zo. Da marayun fallaye dubu biyu, duk karkatattu. Da masu zubi, waɗanda yanzu suke tafiya a hankali in sun zo wucewa. Ta kuma bar Malama, wadda ba za ta ɓoye ba cewa da makaniki ya yi magana, wani abu mai kama da sauƙi ya ratsa ƙirjinta. Ta yi istigfari, ta goge ƙurar takardarta. Washegari manaja ya zo ta'aziyya. Ya yabi marigayiya, ya ce zancen sabuwa sai an zauna, an rubuta, an jira. Kafin nan za a daidaita marayun da hannu, a ƙarƙashin tsohon madubi, kuma a duk gidan mutum ɗaya ce ta san halin karkatarsu. Malama ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Da gaske ta faɗa, sannan ta mayar da takardarta cikin jaka.

Game da jana'iza: an auna ƙofa, an auna gawa, an tarar an gina bangon ɗakin ne bayan shigarta. Don haka za a lulluɓe ta da farin ƙyalle a inda take, ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. An ajiye teburin Malama a gefenta. Da yake ba a shiga ɗakin sai da rigar tsafta, masu ta'aziyya za su tsaya a bayan gilashin baranda. Ana roƙonsu kada su ƙwanƙwasa, domin hannun Malama na iya gocewa. In Malama ba ta ɗago ba, a yi mata uzuri, a wuce.