Rasuwar Littafin Clarrie Dunstan a Bakin Shinge

Da zuciya mai nauyi da ido jajir, Clarrie Dunstan, mai kiwon tumaki a yammacin Wanaaring, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar littafinsa mai jan bango, labarin wani ɗan sandan ciki da ya binciki gawar da aka tsamo daga busasshiyar rijiya. Marigayin ya cika ranar Talatar makon jiya da tsakar rana, bayan shekara talatin da ɗaya a hannun mai shi.

Ya yi rayuwa mai amfani. An karanta shi ya fi sau arba'in, bai taɓa canza mai kisan ba. Ya tare rana, ya rufe kofin shayi, ya kashe ƙudan da ba su ƙirguwa. Duk wanda ya taɓa zama a barandar gidan ya san muryarsa: fas a kan tebur, sai shiru.

Babban aikinsa dai na ranar Lahadi ne. Ƙarfe huɗu na yi Clarrie zai ɗora shi a cinya, ya kunna oba-oba, ya kira maƙwabciyarsa Noreen Pascoe da ke mil tamanin daga gidansa, su dasa gardama. Ita ma tana da nata littafin, na wani mai bincike da ya shigo daji a jirgin ƙasa, wanda Clarrie ya rantse ba zai buɗe ba.

"Naki ɗan birni ne," in ji shi, "bai san sawun tunkiya da na kare ba."

"Naka fa, tsoho? Shafi ɗari biyu yana tsugune yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ni tun a shafi na sittin na gano mai laifin."

"Ƙarya kike yi, Noreen."

"To karanto wurin mu ji."

Sai ya karanta. Tun da ya binne matarsa, shekara goma sha tara ke nan, wannan ce kaɗai hirarsa da ɗan Adam a mako, kuma Clarrie ba mutum ne da zai kira mace haka kawai babu dalili ba.

Marigayin ya daɗe yana jinya. Bayansa ya tsage, ana ta lallaɓa shi da zaren buhun ulu. A ranar da ajali ya yi kira, Clarrie ya ajiye shi a gaban gilashin mota, rana ta narkar da gam ɗin da ke riƙe da shafukansa. Ya sauka buɗe ƙofar shinge, ya bar ƙofofin motar biyu a wangale don kare ya sha iska. Guguwa ta shiga ta dama, ta fita ta hagu da mamacin. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaukar darasin bin sawu a wurin marigayin ya bi takardu har la'asar, sau biyu sawu yana dawo da shi gindin motarsa. Shafi ashirin da uku ya tsinto. Sauran, tumaki sun riga shi sun cinye, kuma har yanzu ba su nuna alamar sun gane mai kisan ba.

Ya rasu ya bar gashin tsuntsu guda da ke riƙe masa shafi, da tabarau mai ƙafa ɗaya, da 'yan uwa shida a kan kanta waɗanda ba su taɓa samun so irin nasa ba. Ya kuma bar dattijon da ya zauna gaban oba-oba ranar Lahadin da ta wuce, yatsa a kan maɓalli, ya rasa da me zai fara har ƙarfe biyar ta buga. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Za a yi jana'iza Lahadi mai zuwa da ƙarfe huɗu, cikin gwangwanin biskit, a bayan rumfar askin tumaki. Akwai shayi da gasasshen rago. Masu zuwa su bar kowace ƙofar shinge yadda suka same ta. Ana kuma roƙon mai motar wasiƙu ya miƙa wannan takarda hannu da hannu ga Noreen Pascoe, ya ce mata in za ta zo, ta taho da ɗan birnin nan nata. Clarrie ya ce zai karanta shi a hankali, babi ɗaya duk mako, kuma yana da tabbacin ba zai rasa abin kushewa ba kowace Lahadi.