Muryar Dogo Tana Ciki

"Lafiya lau, tsohuwa. Har yanzu ba ki da niyyar bar mana falon nan?"

"Sai ranar da na ga ka taje wannan kan naka," in ji Kaka. "Shigo, angon da ko allura bai taɓa saya mini ba."

Jikanta ya tsallake jakunkunan da aka jera a bakin ƙofa. Kayan babansa ne, Dogo, ɗanta da ya rasu bara: riguna, takalma, littattafai, an ɗaure za a rabar. Abu guda ta hana a taɓa, ɗan filashin da ke maƙale a akwatin kunna bidiyo na bayan talabijin. A cikinsa akwai bidiyon safiyar Dogo ta ƙarshe. Sabuwar kyamara ya saya, ya ɗora ta a kan teburi don gwaji. Ga shi yana haɗa shayi, ga shi yana laluben makullin mota a ƙarƙashin kujera, ga shi ya juyo yana magana. Baki na motsi, sauti babu. Da yammar ranar aka kira ta daga asibiti.

Kaka a ɗakin haɗa magani ta yi aiki har ta yi ritaya, ba ta yanke hukunci sai ta gwada. Ta sauya wayar haɗi, ta sayi lasifika, ta ƙure ƙara. Daga nan ta yanke cewa kyamarar ba ta ɗauki murya ba, ta ci gaba da kallon bakin ɗanta tana hasashe.

Jikan ya ce laifin kunnenta ne, kunnen da ya girmi wutar lantarki.

"Kunnen nan ya ji kukanka ranar da aka haife ka. Maƙwabta akuya suka zata."

"Akuyar da kika liƙe wa kike kira ango?"

"Tausayi ne. Wa zai kwashe ka?"

Sai ya sassauta murya ya yi mata bayani. Wataƙila muryar tana nan, an dai rubuta ta da irin rubutun da akwatin bai iya karantawa ba, kamar rubutun likita da kowa ke gani amma ita kaɗai ke ganewa. Ba zai taɓa hoton ba. Sautin kawai zai juye daga wannan kwalba zuwa wadda akwatin ya sani.

Kaka ta riƙe hannunsa. Ta juye magani sau ba adadi, ta san kullum sai wani abu ya maƙale a gindin kwalba.

"Guda ɗaya ne. Ba ni da wani."

Bai yi mata wasa a nan ba. Ya kwafi bidiyon a kwamfutarsa, ya zare filashin ya danƙa mata a tafin hannu, ya ce a kan kwafin zai yi aiki. Ya sa abin ji a kunne don ya duba. Tana kallonsa ya daskare, yatsansa a sama. Ya ciro na kunne ɗaya ya miƙo mata.

Ta girgiza kai. A talabijin ta kalli shirun, a talabijin take son ji, yadda ko ya tafi za ta iya kunnawa da kanta.

Wani koren layi ya riƙa jan ciki a fuskar kwamfutar. Ta ce tafiyarsa sak ta angonta in an aike shi. Ya ce gwiwoyinta yake kwaikwayo. Babu wanda ya yi dariya sosai.

Ya jona sabon filashi a akwatin, ya danna.

Cokali ne ya fara magana. Kwal, kwal, kwal a jikin kofi. Ta manta haka Dogo ke juya shayi, kamar mai kaɗa ƙararrawar makaranta. Sai ga tata muryar daga kicin tana cewa zai fasa mata kofi. Sai numfashinsa da ya durƙusa. Duk wannan yana kwance a bayan talabijin ɗinta tun bara, ita kuma tana goge masa ƙura.

"Ikon Allah," ta ce a hankali.

Dogo ya juyo. Ta daɗe tana ɗora wa wannan bakin wasiyya, ko neman gafara.

"Mama," ya ce, "in mijin nan naki ya zo, ki ce na ce ya taje kansa. In ya ƙi, ki nemi wani."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin ta a baya. Jikan ya dafe ƙeya.

"To, ku biyu kun haɗe mini kai. Na sallama."

Da la'asar aka zo aka kwashe jakunkunan. Kaka ta cire abu biyu ta ba jikan: kyamarar, da matajin Dogo.

"Ladan aikin ke nan, tsohuwa?"

"Kyamarar lada ce. Matajin umarni ne."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta yana fama da gashin. Ta miƙa masa rimot.

"Mayar da shi baya. Daga cokalin."