Maharbi Mai Ƙamshin Ango

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya kai ni farautar kyarkeci, ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba.

A lokacin ina aikin harhaɗa magani a wani asibiti a Madina, kuma ina neman auren Sumayya. Mahaifinta, Ammu Bakur ("ammu" shi ne baffa da Larabci), jikan Hausawan da suka zo hajji da ƙafa ne suka zauna. Gidansa yana unguwar Harra ta Yamma, amma ransa yana wajen garken tumakinsa, can cikin duwatsun hanyar Yanbu. Dattijon bai ce ya ba ni ba, bai ce ya hana ni ba. Kullum na je gaisuwa sai ya zuba min gahawa, ya riƙa dubana kamar ragon da yake tantamar saye.

Wata Juma'a na tarar ransa a ɓace.

"Wallahi kyarkecin nan ya gama da ni," ya ce. "Tunkiya bayan tunkiya, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa sai dai sawunsa."

Da na yi shiru da an rabu lafiya. Amma neman aure yana kwance wa mutum notin kai. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ai Baba, mu gidanmu maharba ne. Kakana ma sarkin baka ne." (Kakana tela ne a Fagge. Abu mai tsini da ya taɓa riƙewa bai wuce allura ba.)

"Masha Allah! To gobe bayan asuba za mu fita, ya waladi," ya ce, wato "ɗana" da Larabci.

Hukuma ta hana kashe kyarkeci, don haka nufin dattijon shi ne mu gano hanyar da yake bi da ramin da yake kwana, a san yadda za a kore shi. Ni duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne dokar da abokaina suka ɗora ni a kai tun zuwana: a Madina ba a zuwa gaban suruki babu ƙamshi. Na kifa farar jallabiyata a kan kaskon turaren wuta har sai da ta ƙoshi, sannan na bi wuya da gemu da man turaren udu, wanda na saya a rumfunan gindin dutsen Uhudu.

Allah ya rufa min asiri da farko, domin Ammu Bakur ya tashi da mura, hancinsa a toshe. Ni kuma, don neman suna, na zaro maganin ɗiga wa hanci na miƙa masa. Fahad, yayan Sumayya, shi ke tuƙi. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Ya sauke gilasan motar duka, ya tambaye ni a hankali ko wannan ƙamshin wani sirri ne na maharban Kano.

"Sirri ne," na ce masa, har da gyaɗa kai.

Muka yi ta hawan dutse. Ga ƙaya, ga tsakuwa mai zamewa, ga ni da takalmin zuwa walima. Muka laɓe bayan wani dutse da ke kallon kwazazzabo, muka yi ta jira har rana ta ɗaga. Can sai ga kyarkecin, siriri, ruwan toka, yana saukowa a natse. Ammu Bakur ya damƙe hannuna don murna, ya ce cikin raɗa in mun bi shi da ido yau za mu ga raminsa.

Sai iska ta juya. Kyarkecin ya tsaya cak, ya ɗaga hanci sama, ya dubi daidai inda nake. Na rantse har atishawa ya yi. Kafin ƙiftawar ido ya ɓace.

A daidai lokacin maganina ya gama aikinsa. Dattijo ya ja numfashi, ya sake ja, ya bi ƙamshin da hanci har ya tsaya a wuyana.

"Ya waladi, kakan nan naka, a ɗakin amare yake farauta?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, tela ne."

Fahad ya faɗi ƙasa yana dariya. Ni kuwa na gama sallama Sumayya a raina. Sai Ammu Bakur ya ce in tuɓe jallabiyar. Ya rataye ta a jikin shingen garken, ya ce tunda kyarkeci ba ya son ta, ta zauna ta yi gadi. Haka na shigo Madina da singileti da dogon wando, na lafe a kujerar baya. Kafin mu isa gida labarin ya riga mu, domin Sumayya ta turo min saƙo: "Sannu da dawowa, sarkin baka."

Kyarkeci dai ya daɗe bai koma garken ba. Ranar da Ammu Bakur ya ba ni auren, ya gaya wa waliyyaina cewa bai samu maharbi ba, amma ya samu wanda ya iya faɗin gaskiya in an ritsa shi.

Abin da na koya shi ne, in suruki ya kawo kukansa, ka ce "Allah ya kyauta" ka ci gaba da shan gahawarka. Har yau duk sanda aka ga sawu kusa da garke, waya yake bugo min: "Ya waladi, turo jallabiya."