Fatihar da na ja wa mai rai

Ba zan taɓa mantawa da bikin kolejin garinmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba.

Mu tsofaffin ɗalibai ne muka shirya taron, don baƙi daga Illela da Badaguishiri su ga abin da makarantar ta zama, mu kuma nemi taimakon rufin azuzuwan da iska ta yaye. Aka ce ni zan ba da tarihi, tunda ina cikin rukunin farko, ga shi ina aiki a Yamai. (Har sabuwar shadda na ɗinka.)

Tarihin kam na san shi, a kaina aka yi shi. Na faɗi yadda aka fara da rumfunan zana a bayan kasuwa, muna zaune a kan tubali, awaki na leƙo mu. Na faɗi yadda iyayenmu suka buga bulo bayan girbin gero, mata na ɗebo ruwa, har aka ta da azuzuwan ƙasa. Na ce ga shi yau ungozomar asibitinmu a nan ta yi karatu, haka likitan dabbobin da makiyaya ke nema tun daga Dogarawa. Ana ta tafi, kaina na ƙara girma.

Sai na zo kan direktanmu na farko, Mushe Hamidu (Mushe muke ce wa malaman boko, da Faransanci), mutumin da ya bi gida gida a kan tsohon babur yana lallashin iyaye su bar yara su zarce da lakwal, wato karatun boko. Tun da ya yi ritaya ya koma wajen Konni ban sake sa shi a ido ba, sai labarin rasuwarsa da na gani a zaurenmu na waya.

Na sassauta murya na ce, "Jama'a, ina ma marigayi Mushe Hamidu yana raye ya ga wannan rana." Na hango direktan yanzu yana kaɗa mini hannu, na ɗauka cewa yake in ci gaba. Na kuwa ci gaba. Na ce a yi masa fatiha. Baƙi suka ɗaga hannu, mutanen gari suka tsaya kallon juna.

Wani tsoho siriri mai farin gemu da tabarau ya dafa sanda ya miƙe daga layin gaba.

"Kai ɗan Malam Sani," in ji shi, "yaushe nim mutu ba a hwaɗa mani ba?"

Jikin ya canza, amma muryar tana nan. Ita ce mai kiran sunana duk ranar da na makara.

Fili ya kaure da dariya, har wata gwaggona ta zame daga kujera. Na ce, "Mushe, ku gafarce ni, wallahi a waya na gani," na manta lasifika na bakina. (Ashe wani Hamidun ne ya rasu, kuma an gyara zancen washegari, ni ne ban karanta ba.)

Ya tako a hankali ya karɓi lasifikar daga hannuna.

"Ku ida fatihar, ina da bukatarta," ya ce. "Amma tunda mamaci ya tashi, ku ji roƙonai. Ku rufe ma yaran ga azuzuwa kahin damana."

Nan take wani ɗan kasuwa ya yi alkawarin kwanon rufi, kafintocin gari suka ce aikin nasu ne. An yi rufin kafin ruwan farko. Ni kuwa na ƙare bikin a bayan rumfa, gumi ya jiƙa shaddar sharkaf, Mushe ya aiko a kira ni mu ci tuwo a kwano ɗaya, yana ta tambayata ko jana'izar ta yi jama'a.

Har yau in na sauka a tasha, 'yan kabu-kabu "Mai Fatiha" suke kirana. Tun daga ranar, in aka ce mini wane ya rasu, sai na tambayi mai faɗin ko da shi aka kai shi makwanci.