Kainuwa da Ƙwayayen Dinya

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, dabbobi suka wayi gari cikin wani rani suna neman kogin ba su gan shi ba. Ba ƙafewa ya yi ba. Yana nan inda yake, sai dai kainuwa ta rufe shi ruf daga wannan gaɓa zuwa waccan, kore shar, har mai ƙishirwa sai ya yi ta tono da baki kafin ya kai ga ruwa, in ya kai kuma ya ji shi da wari. A gaskiya kainuwar ta daɗe tana rarrafowa daga gefe, amma kowa na cewa ai gefen wani ne.

Nan da nan kowa ya zama masani. Kunkuru ya ce fushin kakanni ne, tunda yaran yanzu tsoma baki kawai suke yi a ruwa ba ko sallama. Gadu kuwa ya rantse kogin ne ya gaji ya koma ƙasa, don haka ya zaɓi wuri mai kyau ya ce gonarsa ce, ya ɗaga wutsiya ya taka da gudu. Tsulum! Da ƙyar aka jawo shi, yana tari yana shaida wa jama'a cewa Allah ya ba shi gona mai rijiya.

Sai aka kira majalisa. Majalisar dajin nan a kan wani tudu take zama, can sama da mashaya, dattijo Ɓauna ne shugabanta. Suna da wata tsohuwar al'ada da suke ji da ita: duk wanda ya bar tudun kafin a rufe magana, bakinsa ya mutu a wannan magana. Saboda haka ba mai zuwa nesa, ko da ciki ya murɗa. Akan dai zaga bayan tudun, inda wata 'yar ƙorama ke gangarawa kogi, a rage nauyi a dawo a ci gaba da hikima. Ka ƙiyasta da kanka abin da giwaye da ɓakane da gwanki za su ajiye in zama ya yi tsawo. Ita kuwa kainuwa, duk duniya ba abin da take so kamar taki.

Hukuncin farko shi ne a tattake ta. Manyan dawa suka faɗa kogi suka yi ta kirɓa har rana ta karkata, suka fito suna huci ana yi musu kirari. Kowane guntu da suka yaga ya yi saiwa ya zama uwa. Da aka ga abin ya ninka, sai aka ce lallai zaman ne bai yi tsawo ba, aka aika wa dangi na kurmin gabas da na yamma su ma su zo a haɗa kai.

Ana cikin haka Tarwaɗa ta huda kainuwa ta leƙo da gashin bakinta.

"Jama'a, ku taimaka! Mu da ke ƙasa numfashi ya gagare mu, 'ya'yanmu sai juya ciki sama suke yi."

"Baiwar Allah, mun ji tausayinki," in ji Ɓauna, "amma a ƙa'ida ba a karɓar magana sai daga wanda ya tsaya a kan tudu. Hawo ki faɗa."

Tarwaɗa ta dube shi, ta koma.

To, akwai Balbela, ci da motsin wani, wadda mazauninta a majalisa shi ne doron shugaba. Ita ce ta gyara fiffike ta nemi izini.

"Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Mun tattaka, ba ta mutu ba. Mun zauna, ta ƙaru. Abin da ya fi ƙarfin ƙafar giwa ai ba tsiro ba ne, aike ne. Ni ba na kiran suna, Allah ya kiyashe ni da ƙazafi. Tambaya kawai nake yi: kakanninmu sun san wannan ciyawa? Ba su sani ba. Wa ya sauka a dajin nan bara? Wa ke yawo tafki-tafki da faffaɗar ƙafa, wadda iri ke iya maƙalewa a ciki? Wa kuma ya yi sheƙa a bakin ruwa, daidai inda abin ya fi kauri? Na yi shiru."

Ba ta kira suna ba, amma duk tudun ya juya ya kalli Dinya.

Dinya baƙuwa ce, bara ta zo daga wani tafki da ya ƙafe. Ba ta ma hau tudun sosai ba, tana daga gindinsa inda za ta riƙa hango sheƙarta, domin kwanci take yi, ƙwayayenta sun kusa ƙyanƙyashewa. Ta hawo tudun ta rusuna.

"Baba, ni ban iya magana irin ta majalisa ba. Ban san inda ciyawar nan ta fito ba, wallahi da na sani da na faɗa. Na zo na tarar da ita a gefe, na yi sheƙa kusa da ita don iska ba ta kaɗawa a wurin. In an ce in tafi, zan tafi, baƙo raɓa ne. Amma ƙwai ba ya tashi sama, ni kuma ba ni da hannu. Ku bar ni su fito, su yi ƙafa, sai mu bar muku dajinku. Abin da nake roƙo ke nan."

Kunkuru ma sai da ya ja kai ciki. Ɓauna ba mugu ba ne, ya dai gaji, ga shi an daɗe ba a samu abin da kowa ya yarda da shi ba. Balbela ta sunkuya ta yi masa raɗa, ya yi gyaran murya.

"Majalisa ba ta zalunci. Ba mu kore ki ba, ba mu kuma taɓa ƙwanki ba. Ƙasar dajin nan ce kawai aka hana ki takawa daga yau. Tunda ciyawar taki ce, ki koma kanta da zama."

Aka yi ta yaba wannan adalci.

Haka Dinya ta wuni tana jan ciyayin sheƙarta zuwa kan kainuwa, inda ta fi kauri, sannan ta riƙa mirgino ƙwayayen da baki, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya sami wata 'yar kafa da ƙafar giwa ta bari, ya sulale. Ta tsoma kai, ta sake tsomawa, ta yi ta lalube cikin baƙin ruwan nan har wuyanta ya gaji. Abin tausayi, wallahi. Daga bisani ta hau kan sauran ta kwanta, ba ta ƙara kallon tudun ba.

Ba a jima ba damina ta faɗi a kan duwatsun arewa. Kogi ya ciko ya tumbatsa kamar yadda yake yi tun kafin a haifi kakan Ɓauna, ya ɗaga kainuwar nan gaba ɗaya ya yi kudu da ita, har da Dinya a kai tana kwance. Masu tashi sama sun ce sun gan ta can ƙasa a wata fadama, 'yan tsaki na bin ta a baya, tana yi tana waiwaye kamar mai neman wani.

A daji kuwa sai guɗa. Gani ya kori ji! An hukunta mai abu, abu ya bi ta. Kunkuru ya ce dama ya faɗa, ko da yake ba wannan ya faɗa ba. Gadu kaɗai ya yi ƙorafi, wai an tafi da gonarsa. Aka naɗa Balbela Idon Majalisa, kuma don kada irin wannan masifa ta sake samun daji a barci, aka yanke cewa daga yau majalisa ba za ta ƙara tashi ba, rani da damina, a kuma faɗaɗa tudun don ya ɗauki ƙarin wakilai. Ƙoramar bayan tudu ba ta taɓa samun albarka irin ta wannan shekara ba.

Da ruwa ya janye, sai ga wani ɗan kore-kore a gefen mashaya, daidai bakin ƙoramar. Kafin rani ya raba, mai ƙishirwa ya koma tono da baki.

Aka duba dajin kaf, babu baƙo ko ɗaya. A zaman ranar Ɓauna ya ce bayansa na ciwo, Balbela ta ɗan sauka ƙasa tukuna. Tana tsaye ita kaɗai, fara fat a tsakiyar tudu, sai Kunkuru ya matso ya gaishe ta da kyau, ya tambayi gida da iyali, sannan ya ce:

"Af, 'yar nan, tuna mini mana. Ita kakarki, daga wane daji ma ta zo?"