Yadda Za Ka Tsayar da Rawar Kan Babur Ɗin Surukinka Kafin Ya Gane

Surukinka ya ba ka aron babur ɗinsa, wanda ko 'ya'yan cikinsa ba ya bari su jingina da shi. Kai kuma ka je ka zuba shi a rami. Yanzu da ka ɗan ƙara wuta sai kan ya hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, ga shi gobe za ka mayar. Kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan, ni na yi maka alkawari rawa za ta tsaya cak, mutuncinka ya tsira.

1. Ka kama bakinka

Kada matarka ta ji. 'Yarsa ce tun kafin ta zama matarka. In ta leƙo ta ce, “Lafiya kake ta zagaya babur ɗin Baba?” ka ce sha'awa yake ba ka. Kada ka haɗa ido da ita, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

2. Ka duba iska

Masana sun ce yawanci ƙarancin iska ne ke sa kai rawa. Ka daki tayar gaba da ƙafa, ka gyaɗa kai. Dukan ba ya nuna komai, amma duk mai wucewa zai san aiki na hannun gwani. Sannan ka ari famfon keke ka yi ta ɗura mata iska har ta zama dutse.

3. Ka juya ƙafar gaba

Ka kafa babur a kan ƙarfen tsayuwarsa na tsakiya, ka danne bayansa gaba ya ɗaga, ka wulwula tayar. In tana tafiya tana lilo, rim ya lanƙwashe, kuma kai ka lanƙwasa shi. Saboda haka ka rufe ido ɗaya ka sake dubawa. In har yanzu tana lilo, ka rufe ɗayan.

4. Ka nisanci bakanike

Bakaniken unguwa ya san babur ɗin nan fiye da yadda ya san ƙannensa. Daga jin kukan injin zai ɗauki waya ya kira tsohon. Ba ka ma bukatarsa, domin da ka fito da sifana maƙwabta za su taru.

Tela zai ce, “Shokozoba ce, mai shanye gargadar nan, haka na ƙanena ya yi.”

Mai aski zai ce, “Kai dai tafi can! Boris ɗin wuya ne ya saki, wanda kan ke juyawa a kansa, a ɗaure shi.”

Ka ɗauki ta mai aski. Bai taɓa hawa babur ba, amma ya fi kowa ɗaga murya.

5. Ka ɗaure wuya

A ƙarƙashin kan akwai babban noti. Ƙa'ida ita ce a ja shi kaɗan-kaɗan, ana yi ana juya kan a ji ko ya daidaita. Wannan ƙa'idar masu babur na kansu ce. Kai na aro ne a hannunka. Ka zura bututun ƙarfe a kan sifana, ka rataya da duk nauyinka, tela ya kama ƙugunka. In ka ji wani abu ya ce ƙas, alamar lafiya ce.

6. Gwaji

Ka hau ka taka. Babu rawa, ko gezau! Abin da za ka lura kawai shi ne kan ya daina juyawa dama da hagu. Kada wannan ya dame ka, hanya miƙaƙƙiya ta fi yawa a duniya. In ka zo kwana sai ka sauka, ka cicciɓi gaban, ka saita shi inda za ka.

7. Ka mayar da kayan mutane

Ka wanke shi tas. Ka tura shi da hannu zuwa ƙofar gidan, ka ce girmamawa ce. Ka gaishe da tsohon. Zai dafa kan babur ya girgiza, ya sake girgizawa, sannan ya dube ka ta saman tabarau.

“Yaro, ina rawar?”

“Wace rawa, Baba?”

“Rawar kansa mana. Tun kafin ka auri 'yata yake yinta. Allurar gudunsa ta mutu, da rawar nake gane na wuce kima in rage wuta. Wa ya taɓa min wuyan babur?”

A nan za ka gane ramin bai yi komai ba. Ka sunkuyar da kai. Zai shiga ciki ya fito da sifanarsa, ya miƙa maka da hannu biyu.

“Ba na son dogon zance. Ka mayar masa da rawarsa yadda ka same ta, kada ta fi, kada ta gaza.”

Gargaɗi

Ni rawa na ce zan tsayar, kuma ta tsaya. Mayar da ita ba fannina ba ne. Boris ɗin da ya farfashe, da bayan tela da ya riƙe, da wunin da za ka yi a ƙofar gidan surukai kana lallashin babur ya yi rawa, duk babu hannuna a ciki. In tsohon ya tambayi wanda ya koya maka, ban san ka ba.