Minti Ashirin na Babban Yatsana

Jama'a, yau Alhamis na kai babban yatsan ƙafata wurin likita, na kuma dawo da shi yadda na kai shi: a kumbure, yana zogi, ko safa ba a cire masa ba. Kada ku yi saurin tausaya mini. Ku bari in faro muku daga tushe, don ni ma hannuna ba a wanke yake ba a wannan labari.

Matata Ineke shekarunta hamsin da ɗaya, ashirin da bakwai daga ciki ta yi su ne tana koyar da yara a firamaren unguwarmu a nan Deventer, a ƙasar Holland. Mace ce da za ta haɗu da ƙaton mutum mai gemu a kasuwar Asabar, ta kira sunansa, ta kuma tuna masa ranar da ya cinye alli a ajinta. Wata goma sha huɗu ke nan da al'adarta ta fara ɗaukewa, jikinta ya birkice. Zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska a tsakiyar sanyin Janairu. Barci ya ƙaurace, gaɓoɓi suka ɗauki ciwo, zuciya tana dukan uku-uku ba gaira ba dalili.

To, manyanmu masu tsara lafiyar al'umma, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, sun shimfiɗa wa asibitin unguwarmu ƙa'ida mai ban sha'awa: minti goma, ciwo ɗaya. Ka buga waya ƙarfe takwas daidai, ka sha kiɗa har kunnenka ya ƙoshi, sannan Gimbiyar Waya ta ɗauka ta ce, "Ciwo ɗaya, don Allah. Sauran a sake bugowa."

Haka Ineke ta riƙa kai musu ciwonta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tashi daga gida tana kwashe kayanta a kan keke. Ta kai rashin barci, aka ce ta sha shayin ganye ta ajiye waya. Ta kai ciwon gaɓoɓi, aka ce farasitamol, a dawo bayan mako biyu. Bugun zuciya aka auna aka ce lafiya lau, gajiyar aiki ce. Da ta kai mantuwa, takarda aka ba ta mai hoton wata mata tana shaƙar iska a bakin teku. A zuwa na biyar ta gaji ta faɗa da bakinta: "Likita, ɗaukewar al'ada ce fa, kuma na ji akwai magani."

Mai Girma Sarkin Minti Goma, idonsa a kan kwamfuta, ya ce, "Abu ne na halitta, Malama. Zai wuce."

"Yaushe?"

"Tsakanin shekara biyu zuwa goma." Sai ya dubi agogo.

Ni ma na ba da tawa gudummawar. Na sayo mata fanka. Duk lokacin da ta buɗe taga ina karkarwa a cikin rigar sanyi biyu, nakan ce cikin muryar mai ilimi, "Ai kin ji abin da likita ya ce, zai wuce." Miji nagari ke nan.

Ran Litinin wata yarinya da take ajinta tun Satumba ta ɗaga hannu, Ineke ta buɗe baki za ta kira ta, sunan ya ɓace. Yara talatin suna kallonta, gumi yana bin wuyanta. Ta dawo gida, ta rubuta takardar barin aiki, ta danne ta da kwanon tuffa a kan teburin kicin.

"Juma'a zan miƙa ta," in ji ta. "Ba zan tsaya gaban yara ina lalube ba."

Shi kuwa yatsan nawa, makon jiya ya kumbura, na kai shi asibiti. Shi dai wannan likitan har durƙusawa ya yi a gabansa. Aka ɗebi jinina, aka tambaye ni barcina, aka tambaye ni cukwi nawa nake ci. Sannan ya ce in dawo ran Alhamis, ya ware mini minti ashirin, don irin wannan lamari ba ya son gaggawa. Minti ashirin! Ashe akwai su a ajiye.

Da na ba maƙwabciyarmu Truus labari ta saman shinge, tsohuwar ta ajiye abin ban ruwan furanninta ta ƙare mini kallo.

"Maƙwabci, yatsa ɗaya minti ashirin, mace sukutum minti goma? Kai kuma ka karɓa ka yi godiya?"

"To ya zan yi, Truus? Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar ta ce kada ka shiga da matarka? Kai, ɗauki yatsan nan naka ka yi wani abin kirki da shi, tun da kan naka ya gaza."

Da na ce ta bi ni, Ineke ba ta so zuwa ba. Da ƙyar ta yarda, ta jawo takardar nan daga ƙarƙashin kwanon tuffa, ta juya bayanta, ta jera ciwonta har guda goma sha ɗaya. Ta ce takardar mutane ba ta ɓarnatarwa ba ce.

Muka shiga tare. Ta buɗe baki ke nan, Mai Girma ya ɗaga hannu cikin ladabi: "Malama, yau lokacin maigidanki ne."

Na ce, "Haka ne, likita. Nawa ne, kuma ga abin da zan yi da shi." Na karɓi takardar na fara karantawa. Ban ƙara ko wasali ba. Kalmomin da ta sha faɗa masa ne, sai dai yau sun fito ta maƙogwaron mai sanƙo da tumbi. Ina kan na huɗu ya daina buga kwamfuta. Ina kan na bakwai ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, abin da Ineke ta ce ba ta san kujerar tana iya yi ba.

"Ai wannan a fili yake," in ji shi. "Ɗaukewar al'ada ce, kuma akwai magani. Me ya hana ku zuwa da wuri?"

Ineke ta ce, "Na zo sau biyar, likita. Ban zo da shi ba ne kawai."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya rufe shafina ya buɗe nata, ya auna hawan jininta, ya yi tambaya kan mahaifiyarta da 'yan uwanta mata, ya rubuta mata wani magani da ake mannawa a fata, ya ce ta dawo bayan wata uku. Sannan ya roƙi a bar masa jerin nan ya sa a fayil ɗinta. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta miƙa masa.

A wurin ajiye kekuna na ce, "Kin san abin da ke ɗaya gefen takardar nan kuwa?"

"Na sani, tsoho. Mantuwar tawa ba ta kai nan ba." Ta cire makullin kekenta. "Su riƙe ta. Gobe ina da aji. In wata uku ya cika ban ga sauyi ba, na san inda biro yake."

Ban samu godiya ba, ban kuma nema ba. Abin da ta ce kawai shi ne, da ta san maganinta a maƙogwarona yake, da ba ta bar ni ina ɓata shi wajen yi wa 'yan ƙwallo ihu a talabijin ba. Ina jinjina wa manyanmu: sun gina tsarin da ke jin mace sarai, muddin ta zo da namijin da zai maimaita.

Da muka iso gida na cire takalmi da safa, na nuna mata yatsan, ya yi jawur kamar tumatir. Ta leƙo ta saman tabarau, ta miƙo mini farasitamol biyu, ta ce, "Abu ne na halitta. Zai wuce."

Ban tambaye ta yaushe ba.